Wane Harsashi Ga Wace Dabba? Faɗakarwa Ga Maharban Durun Da Kewaye

(Kiɗan komo ya tashi, sannan a sassauta shi)

Yau gaisuwarmu ta musamman ta nufi yammacin Kano: mutanen Durun, Kabo, Garo, Gude da Godiya, har zuwa Gwarzo, Getso, Lakwaya da Kutama. Iyayenmu sarakunan baka da sarakunan dawa, ranku ya daɗe, a yi mana afuwa, yau za mu ɗan shiga gonarku. Samari masu bin sawu da masu jan karnuka, ku matso kusa da rediyo, domin rabin maganar taku ce.

An gama kaka, gero da dawa sun shiga rumbu, ciyawa ta bushe, hunturu ya buso. Kowa ya san abin da ke biye: a ɗauko bindiga daga bayan ƙyaure, a goge ta, a shafa mata mai, a fara tambayar ranar fita. A irin wannan lokaci ne gardama ke kaurewa a majalisar maharba. Wannan ya ce harsashi mai manyan ƙwayoyi shi ne harsashi. Wancan ya ce a'a, a dai cika albarushi. Ga kuma yaran zamani da ke kallon Turawa a waya suna harbin ɓauna a Tanzaniya, sun haddace lambobin harsasai, suna tambayar wanne ya fi dacewa da babbar dabba.

Tambayarsu tana da amsa, kuma za mu ba da ita. Amma ga inda muka dosa tun daga farko. Harsashin kirki shi ne wanda zai kashe dabbar da doka ta yarje maka, nan take, a tazarar da hannunka ya iya, ba tare da ya cuci mai harbin ba, ko wanda ke bayan duhuwa, ko yaron da zai ci naman.

(Kiɗa kaɗan)

Mu fara da harsashin kansa. Harsashin zamani abu huɗu ne a haɗe. Akwai kwanso, na ƙarfe ko na roba. Akwai albarushi a cikinsa. Akwai ɗan maɓalli a gindin kwanson, wanda in an ja kunama aka dake shi sai ya tada wuta. Sannan akwai abin da ke fita ya sami dabba, wato dalma. Mai bindigar toka ma kusan haka yake yi, sai dai shi ba ruwansa da kwanso, da hannunsa yake ɗura kayansa ta baki.

Bindigogin farauta iri biyu ne. Akwai masu sumul ɗin ciki, kamar bindigar toka da mai baki ɗaya da mai baki biyu. Su watsa ƙwayoyi suke yi a tazara ta kusa. Akwai kuma raifil, wadda aka yi wa zare a murɗe a cikin bututunta. Zaren nan shi ke sa dalma guda ɗaya ta fita tana juyi, ta miƙe sak, ta sami abu a mita 200 ko 300. Ita ce bindigar manyan dabbobi a ko'ina a duniya.

Ƙarfin harsashi daga wuri biyu yake zuwa: nauyin dalma da gudunta. In an ninka nauyi sau biyu, ƙarfi ya ninku sau biyu. In an ninka gudu sau biyu, ƙarfi ya ninku sau huɗu. Sai dai bindiga ba ta ba da ƙarfi a kyauta. Gwargwadon abin da ta tura gaba, gwargwadon tokarin da za ta yi wa kafaɗarka. Wanda kuwa ya fara shakkar tokarin bindigarsa, zai riƙa runtse ido yana fizgar kunama, harbinsa ya riƙa bauɗewa. Babban harsashi a hannun mai tsoronsa bai kai matsakaici a hannun wanda ya saba da shi ba.

To, yaya ake zaɓe a ƙasashen da har yanzu ake farautar manyan namun daji? Kenya ta hana wannan farauta tun 1977. Amma Tanzaniya, Zimbabuwe, Namibiya, Afirka ta Kudu da maƙwabciyarmu Kamaru suna ba da lasisinta, a keɓaɓɓun dazuzzuka, da ƙayyadadden adadin dabbobi, bisa kuɗi masu kauri. A can ba a barin mutum ya shiga daji da abin da ya ga dama. A Zimbabuwe, mai harbin giwa ko ɓauna ko dorina, faɗin harsashinsa ba zai gaza milimita 9.2 ba. A Tanzaniya, mafi ƙanƙantar abin da aka amince da shi ga dabbobi masu haɗari shi ne awon da ake kira .375, kimanin milimita 9.5. Kamfanin Holland & Holland na birnin Landan ne ya fito da shahararren harsashin wannan awo a 1912. Dalmarsa takan kai giram 19, tana fita da gudun da ya haura mita 750 a daƙiƙa guda. Dabbobi matsakaita irin mariya da kanki kuwa, ana harbinsu da abin da bai kai wannan ba, kamar .30-06 da Amurka ta ƙera wa sojojinta a 1906, daga baya ya zama na mafarauta.

Ku lura, iyakar da dokokin can suka sa ta ƙasa ce, wato kada a gaza kaza. Dalili kuwa, ƙaramin harsashi ba ya kashe ɓauna, tunzura ta yake yi. Ɓaunar da ta ji rauni takan shige duhuwa ta laɓe, ta jira mai bin jininta. In ba ta same shi ba, ta huce a kan manomi ko makiyayin da bai san hawa ba, bai san sauka ba. Ko kuma ta yi nisa ta mutu bayan kwanaki, ciwo ya ruɓe, nama ya tashi a banza.

Bayan faɗi sai ƙirar dalmar. Akwai mai taushin kai, wadda ke buɗewa in ta shiga jiki, ta lalata huhu da zuciya, dabba ta faɗi da wuri. Ita ake so ga masu laushin fata irin barewa da mariya. Akwai kuma mai tauri gaba ɗaya, wadda ba ta buɗewa, aikinta ta ratsa kaurin fata da ƙashi. Ita ce ta giwa. Harsashin soja kuwa, irin na AK-47, lulluɓe yake da ƙarfe, domin tun 1899 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a birnin Heg na Holan cewa ba za a yi yaƙi da harsashi mai buɗewa ba. Saboda haka yakan huda dabba ya fice ta ɗaya gefen, ita ta gudu da rauni, shi kuma ya ci gaba da tafiyarsa. Shi ya sa ƙasashe da dama suka hana farautar manyan dabbobi da shi.

Abu na uku ya fi waɗannan biyun nauyi, shi ne inda harsashi ya sauka. A farkon ƙarni na 20 an yi wani Bature ɗan Sikotlan mai suna Walter Bell, wanda ya kashe giwaye sama da 1,000 a Afirka, galibinsu da ƙaramin harsashi mai faɗin milimita 7. Tsaga kawunan giwaye ya riƙa yi yana nazarin inda ƙwaƙwalwa take, kuma ba ya harbi sai ya matso kusa ƙwarai. Ba yabonsa muke ba, domin irinsa ne suka rage wa nahiyar nan giwayenta. Amma ya nuna cewa sanin jikin dabba ya fi girman harsashi.

Kakanninmu sun riga shi sanin haka. Bindiga ba baƙuwa ba ce a Kano: tarihin sarakuna ya nuna an riƙa shigo da ita daga ƙasar Nupe a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, kuma Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga a fada. Duk da haka maharbin daji ya daɗe yana riƙe da kwari da bakansa, da kibiya mai dafin kwankwani. Ya san iska, ya san sawu, ya ɗaura kan burtu a goshi ya yi ta rarrafe har sai ya ga haƙarƙarin dabba daidai bayan kafaɗa, sannan ya saki. Wanda bai gaji wannan haƙuri ba, babu harsashin da zai saya masa shi.

(Kiɗa kaɗan)

Ga waɗanda yanzu suka kama mu, muna magana ne a kan zaɓen harsashin farauta. Bari mu dawo gida mu ji abin da dokar ƙasarmu ta ce.

Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko haramtattu ne: masu sarrafa kansu, da ƙananan bindigogin hannu, da raifil irin ta soja mai awon milimita 7.62, ko milimita 9, ko .300, ko .303. Waɗannan sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma wanda aka kama da ɗaya ba izini, ɗaurin da aka tanadar masa ba ya gaza shekara 10. Kun ga ke nan, wasu daga cikin lambobin da samari suka haddace a waya, a ƙasar nan hanyar gidan yari ce. Kashi na biyu su ne waɗanda mutum kan mallaka da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, kamar mai baki ɗaya, mai baki biyu, da raifil ɗin farauta wadda awonta bai faɗa cikin na soja ba. Kashi na uku su ne waɗanda ake ɗurawa ta baki, wato bindigar toka, kuma al'amarinsu yana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha.

Dokar ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka gabata. Harsashi ma bai halatta a same shi a hannun wanda ba shi da lasisi ba. A 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Don haka mai bukata ya taka zuwa ofishin 'yan sanda na Kabo ko na Gwarzo, ko hedikwatarsu da ke Bompai, ya ji halin da ake ciki daga bakin hukuma. Kada ya biye wa dillalin da zai ce ya san hanya.

Sannan mu tambayi kanmu, ina manyan dabbobin suke? Dattawa suna ba da labarin lokacin da kura ke kuka a bayan gari. Yau tsakanin Durun da Kabo gona ce ke bin gona. Abin da ya rage mana shi ne zomo, gafiya, kurege, fakara, hasbiya, sai agwagin ruwa a bakin madatsun ruwa irin Guzuguzu da Challawa. Dajin Falgore da ke kan hanyar Jos, wanda ya ratsa ƙasar Tudun Wada, Doguwa da Sumaila, gandun gwamnati ne, ba a farauta a cikinsa. Yankari ta Bauchi, da aka keɓe a 1956 aka buɗe wa baƙi a 1962, tana riƙe da ɗaya daga cikin garkunan giwa na ƙarshe a ƙasar nan, kuma giwayen Najeriya gaba ɗaya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Zaki kuwa sai a Yankari da gandun Kainji, nan ma 'yan tsiraru. Dokar tarayya ta kare dabbobin da ke neman ƙarewa, wadda aka kafa a 1985 aka yi mata gyara a 2016, ta hana farauta da cinikin irin su zaki, damisa, raƙumin dawa da ɗankunya. Giwa ma tana ƙarƙashin kariyar doka.

Daji kuma yana farfaɗowa in an ɗaga masa ƙafa. A yankin Kure da ke kusa da Yamai a Jamhuriyar Nijar, raƙuman dawa sun ragu har suka koma 49 a 1996. Da aka daina harbinsu, mutanen ƙauyuka suka sa hannu wajen tsaronsu, yau sun haura 600.

To, samari, ga amsarku. Harsashin da ya dace da giwa ko zaki ko damisa a ƙasar nan, babu shi. Zaɓen da ke gabanmu na ƙananan dabbobi ne, da bindigogin da ke hannunmu.

(Kiɗa kaɗan)

Yawancin masu baki ɗaya da masu baki biyu a wajenmu 'yan lamba 12 ne, faɗin bututunsu kimanin milimita 18.5. A jikin harsashinsu akwai wata lamba ta biyu mai nuna girman ƙwayoyi, kuma lissafinta a juye yake: in lamba ta hau, ƙwaya ta ƙanƙance. Lamba 6 ko 7, mai ƙwayoyi sama da 200 a kwanso guda, na tsuntsaye ne irin fakara da hasbiya. Lamba 4 ko 5 ya dace da zomo da zabo da agwagwa. Mai alamar BB ya ɗara su girma. Akwai mai manyan ƙwayoyi 8 ko 9, akwai kuma mai dunƙule guda. Waɗannan biyun na dabbobi masu jiki ne, ba su da aiki a gonakin da ke jikin gari. Ba a aski da gatari, ba a kuma sare itace da aska. Ka harbi fakara da manyan ƙwayoyi, ko dai ka kuskure ta, ko ka tarwatsa naman. Ka harbi gada da lamba 7, ƙwayoyi su maƙale a ƙarƙashin fata, ta tsere ta je ta mutu a wahale.

Sai tazara. Iyakar aikin wannan bindiga mita 35 zuwa 40 ce. Daga nan ƙwayoyi sun watse, ƙarfinsu ya faɗi, raunatawa kawai suke yi. Amma kasa kashe zomo ba ya nufin sun daina ɓarna. Ƙananan ƙwayoyi kan kai mita 200 su tsiyaye wa mutum ido. Harsashin 'yar ƙaramar raifil kan wuce kilomita 1.5, na babba kuwa ya haura kilomita 3. Kafin ranar fita, mai lasisi ya nemi gindin tudu inda ba mutane, ya kafa babban kwali, ya ja baya taku 30 ya harba, ya ga yadda ƙwayoyinsa ke bazuwa. Nan zai san gaskiyar bindigarsa, ba a bakin majalisa ba.

A kuma karanta rubutun da ke jikin bindiga. Wata an yi ta ne don harsashi mai tsawon milimita 70, wata mai 76. Dogon harsashi a bindigar gajeren harsashi yana matse wuta fiye da abin da ƙarfen zai ɗauka. Kada kuma a haɗa harsashin lamba 20 da na lamba 12 a jaka ɗaya. Na 20 siriri ne, yakan zurma ya maƙale a cikin bututu. Mai shi ya ga kamar babu komai, ya sa na 12 a bayansa, ya ja kunama, bindiga ta tarwatse a fuskarsa.

Iyayenmu masu bindigar toka, taku ba ta da rubutu, kuma sau da yawa bututunta ba don wuta aka ƙera shi ba. Abu huɗu ne suka fi fasa ta. Na ɗaya, cika albarushi da sunan ƙarin ƙarfi. Na biyu, ɗuri a kan ɗuri, wato mutum ya manta ya ɗura jiya, ya sake ɗurawa yau. Maganinsa a yi wa sandar ɗuri alama daidai inda take tsayawa in bindiga ba komai a cikinta, a riƙa aunawa kafin kowane ɗuri. Na uku, fasa harsashin zamani a juye albarushinsa a bindigar toka. Wannan albarushi ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba, kada a kuskura. Na huɗu, toshewar bututu, ko da laka, ko da ginin zanzaro in ta daɗe a rataye. Ƙusa da tsakuwa da 'ya'yan boris kuma ba harsashi ba ne. Suna kankare cikin bututu, ba sa tafiya daidai, in sun daki dutse ko busasshen kututture sukan yi tsalle su nufi inda ba a aike su ba. In kuwa ka ja kunama ta ƙi tashi, kada ka leƙa bakinta, kada ka hura. Ka riƙe ta tana kallon inda ba kowa, ka ba ta minti guda cur, domin albarushin da ya sha danshi yakan yi jinkiri sannan ya kama.

A farautar gayya, inda ake fita da yawa, ga karnuka ga ihu ga ƙura, ba a harbin motsin ciyawa. Sai ka ga dabba sarai, ka kuma ga abin da ke bayanta. Mai farautar dare da fitilar goshi ya tuna, idon da ya haska na iya zama na akuya ko na ɗan maraƙi, kuma kusa da ɗan maraƙi akwai ɗan makiyayi. Ba a hawa babur ko motar 'yan farauta da bindiga a ɗure. Wanda ya sha ƙwaya kuwa, shugaban tafiya ya karɓe bindigarsa ya mai da shi gida. In abu ya faru mukan ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ƙaddara gaskiya ce, amma wanda ya ɗura bindiga sau biyu, shi ya gayyato tsautsayin da hannunsa.

(Kiɗa kaɗan)

Addininmu ma bai bar wannan fage ba. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa sahabi Adiyyu ɗan Hatim ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da farauta da wata sanda mai tsini. Aka nuna masa cewa abin da tsinin ya huda ya kashe, ana ci, wanda kuwa faɗin sandar ya buge ya mutu, ba a ci. A kan wannan ne malaman Malikiyya na baya, musamman na birnin Fas a Maroko, suka halatta naman da harsashi ya kashe, tunda yana hudawa ya zubar da jini, muddin an yi niyya an kuma yi bisimilla lokacin harbi. In ka tarar da dabba da sauran rai, sai ka yanka ta. Littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu ya yi bayanin cewa farauta don wasa kawai makaruhi ce, kuma akwai magana a kan dabbar da aka harba ta ɓace har ta kwana. Kun ga ke nan, harsashin da ke raunatawa ya bar dabba ta tsere yana iya jawo maka asarar nama da alhakin rai a lokaci guda. An umarce mu da kyautatawa ko a wajen kisa. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malaman garinsu.

Yanzu sai iyayenmu mata su saurara, domin tukunya a hannunku take. Dalma guba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jinin yaro da za a ce ba shi da illa. Tana daƙile ƙwaƙwalwa, tana rage kaifin fahimta, tana cutar da ɗan da ke ciki. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Waccan daga ƙurar dutsen zinariya ta fito, amma dalmar da ke cikin harsashi ita ce dai wannan dalma. In ta daki ƙashi takan farfashe, ɓurɓushin da ido ba ya gani ya bazu a cikin tsoka, kuma dafuwa ba ta kashe ta.

Saboda haka in Maigida ya kawo nama, a tsince ƙwayoyin tas, a yanke tsokar da ke kewaye da raunin da yalwa, a binne ta. Mai juna biyu da ƙananan yara, gara a ba su naman da ba dalma ce ta kashe shi ba. Maharbi kada ya riƙe ƙwayoyi a baki yayin ɗuri. Masu fasa tsohon batirin mota su narka dalmarsa a tsakar gida, wani lokaci ma a murhun girki, ku ji tsoron Allah ku daina, hayaƙin da ƙurar a jikin 'ya'yanku suke ƙarewa. Kayan cikin da ake yarwa a daji ma a binne su, domin ungulu da kare na ci su kamu. Wasu ƙasashe sun riga sun juya wa dalma baya: Amurka ta hana harbin agwagin ruwa da ita tun 1991, Denmak ta hana ƙwayoyin dalma a farauta gaba ɗaya a 1996. Sai dai ƙwayoyin ƙarfen da suka maye gurbinta ba kowace tsohuwar bindiga ke ɗaukarsu ba, don haka kada a gwada su a kan jin-ta-jin-ta.

Kafin mu rufe, ga magana ga masu tafiya farauta nesa. A ƙarshen watan Maris na 2025, mafarauta 16, galibinsu 'yan ƙasar Bunkure a nan Kano, suna hanyar dawowa gida daga Fatakwal domin yin salla, aka tare motarsu a Uromi ta Jihar Edo. Da aka ga bindigogin toka a cikin kayansu, sai gungun mutane suka kashe su, ba bincike ba shari'a. Allah ya jiƙansu da rahama. Alhakin wannan ta'asa yana wuyan waɗanda suka aikata ta. Amma ta nuna mana zamanin da muke ciki, zamanin da ganin bindiga kaɗai ke tada hankalin gari. In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya. Mai tafiya ya riƙe lasisinsa da katin shaidarsa da takardar ƙungiyarsa, bindiga ba ɗuri, a naɗe, harsashi a jaka daban. In an sauka a baƙon wuri, a fara da gidan mai gari da ofishin 'yan sanda kafin a shiga daji.

Iyayenmu sarakunan baka na Durun, Kabo da Gwarzo, ranku ya daɗe, wannan aiki ku ya fi wa sauƙi, domin samari suna jin maganarku. Kafin fitar bana, muna roƙo ku tara su. A duba bindigar kowa da takardarsa. A ware wa kowace dabba harsashinta. A bar mai ciki da mai shayarwa, a bar abin da doka ta hana, a daina cinna wa daji wuta don zomo guda. Wanda bai san iyakar bindigarsa ba, a bar shi da gora da kare har sai ya koya. Ku kuma samari, in kun yi shakkar abin da ke gabanku, ku sauke bindiga.

Nan muka kawo ƙarshen shirinmu na yau. Allah ya tsare mafita, ya dawo da kowa gidansa lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.